Jan Ido Ga Jariri: Wanne Ne Abin Tsoro?

Sau da yawa mai jego ta kan duba idon jaririnta, ta ga waɗansu jajayen jijiyoyi kamar zare a kan farin idon, sai hankalinta ya tashi. To, zancenmu na wannan mako ke nan.

Ki sani farin ido yana da wata siririyar fata a bisansa, cike da ƙananan hanyoyin jini. Kowa yana da su. In jariri ya sha kuka, ko ya murje ido, ko hayaƙin murhu ko ƙurar hunturu ta shiga, sai su cika da jini su fito fili. Da ya huta, aka raba shi da hayaƙin, sai su kwanta.

Wani jaririn kuma akan haife shi da ɗigon jini a farin ido, saboda matsuwar da ya sha wajen fitowa. Wannan ba ya taɓa gani, ya kan washe da kansa cikin mako 2 ko 3.

Amma ga inda ba a sakaci. In jariri bai cika wata guda ba, idonsa ya yi ja, fatar idon ta kumbura, mugunya tana fita, ki kai shi asibiti ran nan. Ciwon sanyi da ya ɗauka daga uwa wajen haihuwa ya kan bayyana kwana 2 zuwa 5, yana kuwa iya makantar da shi cikin 'yan kwanaki. Uwa da uba su ma sai an yi musu magani. Tun 1881 wani likita a Jamus, Crede, ya nuna cewa in an ɗiga wa jarirai magani da zarar an haife su, ciwon yana raguwa ƙwarai. Saboda haka in ungozoma ta sa masa man ido a asibiti, kada ki hana.

Haka kuma ki hanzarta in akwai zazzaɓi, ko yana gudun haske, ko baƙin idon ya yi hazo.

Kada ki ɗiga masa nono, ko ruwan sukari, ko ragowar maganin wani. Kwalli ma a dakata. A 2011 a Boston ta Amurka, likitoci sun sami dalma da yawa a jinin wani yaro ɗan wata 6, suka bincika kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro.

In ƙwantsa ce kaɗai, ki wanke hannu da sabulu, ki jiƙa auduga da tafasasshen ruwa wanda ya huce, ki share daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da yayyenku wannan. Allah ya raya mana su, amin.