Kaka ta yi, lakwal ta buɗe: wa ke duba rumfunan kara?

A kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama, rediyo na shelar cewa an koma lakwal a duk faɗin Nijar. Minista ya kai ziyara wata makaranta, yara su yi layi gaban tuta, a ɗauki hoto. Amma a unguwannin bayan gari na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da ƙauyuka masu ɗimbin yawa, ranar da hukuma ta sa daban, ranar da ake soma karatu daban. Ajin da yaro zai zauna ciki yana nan tsaye a gona, domin na karan gero ne, kuma ba a samun kara sai an ƙare girbi. Sai an yanke gero, an ɗaure shi dami-dami, an kai rumbu, kana uwaye su sami sukunin sarar kara da yankan gamba, a saƙa zana, a kafa dirkoki. Kafin rumfa ta tsaya, sau da yawa Nuwamba ya shigo. Shi ne kuma watan da iskar hunturu ke soma kaɗawa, komi ya bushe ƙayau.

Ranar Litinin 8 ga Nuwamba na shekarar 2021, wuta ta kama ajujuwa uku na kara a makarantar firamare ta AFN, cikin birnin Maraɗi. Yara aƙalla 25 suka rasu, masu shekara 5 zuwa 6, wasu kuma suka ƙone ƙwarai. Gwamnan jiha ya sa makoki na kwana uku. Wata bakwai kafin nan, ranar Talata 13 ga Afrilu, irin wannan masifa ta auka wa wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, inda ajujuwa 21 suka ƙone ƙurmus, yara kimanin 20 suka rasa rayukansu, galibinsu ƴan ajin reno da ake kira jardan. Bisa ga bayanin da shugabannin ƙungiyar malamai suka yi a lokacin, wutar ta taso ne ta wajen ƙofar shiga, kuma babu wata mafita. Manyan yara suka haura katanga. Ƙanana ba su iya ba.

Bayan gobarar Maraɗi, majalisar ministoci ta haramta rumfunan kara ga ƴan jardan a duk ƙasa. Haramcin bai shafi firamare ba, alhali kuwa ɗan ajin CI bai girmi ɗan jardan da komi ba sai shekara ɗaya. Shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya yi alkawarin maye rumfunan da gini, kuma adadin da hukumomi suka riƙa ambata a wancan zamani shi ne ajujuwan kara dubu 36. Gwamnatinsa ta kau a watan Yuli na 2023. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin takardar kuɗin ginin aji guda na siminti ya san cewa dubu 36 ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na biyar ba, ko wane ne ke riƙe da mulki.

Daga ina rumfunan suka fito?

Babu daraktan makarantar da ke son rumfa. Yawan yara ne ya rinjayi gini. Ƙidayar jama'a ta 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. A shekarun 1980 da 1990, lokacin tsuke bakin aljihu da faɗuwar darajar sefa ta watan Janairu na 1994, gwamnati ba ta gina abin a zo a gani ba. Da aka shiga tsarin raya ilimi na shekara goma a 2003, aka buɗe makarantu birni da ƙauye, aka ɗauki malaman kwantaragi dubbai, yara suka yi ta kwararowa. Wannan ci gaba ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Sai dai malami ana ɗaukarsa da takarda guda, aji kuwa sai da siminti da kwano da ƙarfe. Giɓin da ya rage tsakanin biyun, karan gero ne ya cike shi.

Masu cike giɓin kuma su ne uwaye. A shekarar 2004, da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, aka soma gwada wani sabon tsari a jihar Tawa: kwamitin kula da makaranta da ake kira COGES, wanda jama'ar gari ke zaɓen wakilansa ta ƙuri'ar asiri, a yi babban taro, a lissafa matsalolin lakwal, a rubuta abin da za a yi cikin shekara da kuɗin da za a tara. Cikin ƴan shekaru tsarin ya game ƙasa, daga baya aka sake masa suna CGDES. A gefensa akwai ƙungiyar uwayen ƴan makaranta, APE, da ta mata, AME. A makarantu da yawa, abin da ke zuwa layin farko na takardar aikin shekara shi ne kafa rumfuna.

Saboda haka kaka ita ce lokacin da gida da lakwal suka fi kusantar juna. Ana gayyar share fili, domin ciyawar damina ta rufe shi, macizai da kunamu sun sami maɓoya. Ana ɗauko kara a kan amalanke. A ƙauye, wanda ba shi da kuɗi yakan ba da damin gero ko zana biyu ko yinin aiki. A birni sai kuɗi, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa kara ya daina zama abin banza tun da masu kiwo suka soma sayensa don dabbobi. Darakta yana bin gida-gida yana roƙon a sako masa yaran da aka riƙe don roron wake ko cirar gyaɗa. A shekarar 2024 ma, ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin makarantu da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka rushe ne ke kwana cikinsu.

Abin da ake tattaunawa da abin da ake tsallakewa

Wanda ya taɓa halartar babban taron uwaye na farkon shekara ya san yadda yake gudana. Ana soma shi a makare. Rabin lokaci yana tafiya wajen gardamar kuɗin bara: nawa aka tara, wa ya biya, wa ya ƙi, ina saura. Sauran rabin a kan kuɗin bana. Tambayar rumfa nawa za a kafa tana samun amsa. Tambayar ina za a kafa su, yaya za a kafa su, su wa za su zauna ciki, ba safai ake yinta ba, sai a bar wa darakta da masu kafi. Alhali kuwa a cikin waɗannan tambayoyi uku ne ran yaro yake.

A ɗauki ta farko. Rumfuna ana jera su ne manne da juna, bango guda na zana ya raba aji biyu, domin a rage kara da dirkoki, kuma domin filin makarantun birni ya yi ƙanƙanta. Ta haka ne wutar da ta kama aji ɗaya ke cinye ashirin. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa. Jerin da aka miƙe bisa hanyarta, wuta za ta bi shi daga farko har ƙarshe kamar lagwani. Barin fili mai faɗi tsakanin rumfa da rumfa yana ƙara kuɗin zana, gaskiya ne, amma shi ne kaɗai abin da ke tsayar da irin wannan wuta, tun da a yawancin garuruwan ƙasar nan babu ƴan kwana-kwana, a inda suke kuma, rumfar kara takan ƙare kafin motarsu ta fito daga bariki.

Ta biyu, ƙofa. Rumfa ƙofa guda ake yi mata, ƴar ƙarama, saboda ƙura da sanyi da awaki. Malami yana tsaye kusa da ita wajen allo, yara sittin ko fiye suna zaune a kan tabarmi ko bencina masu haɗe da tebur. Idan wutar ta soma daga gaba, na baya ba su da hanya. Rufin da ke ci yana zubowa a kansu, idan kuma an shimfiɗa leda a sama don tare raɓa ko ruwa, narkewa take yi. Ƙofa ta biyu a bayan aji ba ta cin ko dala. Zana guda ce da za a jingina maimakon a ɗaure ta tamau. Haka ita ma katangar makaranta: an gina ta don tare babura da dabbobi da masu ratse, ta yi amfani, amma katanga mai ƙofa guda, a ranar gobara, tarko ce. Unguwar Pays-Bas ta nuna haka.

Ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce kuma mafi wuyar faɗa a gaban darakta. A makarantu da yawa, ajujuwan siminti na manya ne, ƴan CM1 da CM2, masu shirin shiga koleji, waɗanda sakamakonsu ke ɗaga sunan makaranta ko ya kayar da shi. Sababbin shiga kuwa, ƴan CI da CP, su ake turawa rumfa. Akwai hujja a ciki: ajin gini yana soma aiki tun Oktoba, ba ya tsayawa da ruwan farko na Mayu ko Yuni, manyan allo da littattafai suna samun wurin ajiya. Amma yaro mai shekara 12 yana iya keta zana da kafaɗarsa ya fita, yana iya haura katanga. Mai shekara 6 idan ya firgita ɓuya yake yi ƙarƙashin benci, ko ya riƙe ɗan'uwansa su tsaya. Waɗanda suka mutu a Yamai da Maraɗi ƙanana ne. Musanya ajujuwan, a sa ƙanana cikin gini, manya cikin rumfa, ba ya bukatar kasafin kuɗi ko sa hannun minista. Yana bukatar uwayen manyan yara su yarda, malamin CM2 kuma ya haƙura, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma tushen wutar kanta. Kara ba ya kama kansa. A bakin kowace lakwal akwai mata masu tuyar ƙosai da fanke da awara, murhunsu wani lokaci jingine da zanar aji don iska. Akwai mai gadi da shayinsa, akwai masu ƙona sharar da aka tara bayan gayya, akwai yaro da ashana a aljihu. Korar masu tuya ba hanya ba ce: yaro da yawa abin da ya saya a wurinsu shi ne kalacinsa, su kuma da shi suke ciyar da gida. Abin yi shi ne a ware musu wuri nesa da rumfuna, ta gefen da iska ke tafiya, ba gefen da take fitowa ba. Wannan magana mata ne suka fi iya sasanta ta, domin masu tuyar maƙwabtansu ne, wasu ma ƴaƴansu na cikin ajin. Ga shi kuwa a taron uwaye mata a baya suke zama, ƙungiyar AME kuma ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ake neman masu dafa abinci ko masu lallashin wanda ke son cire ɗiyarsa daga lakwal.

Nauyin hukuma, da na masu hali

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan duka sauke wa gwamnati nauyi ne. Manomin da ya biya haraji, ya kuma sari kara ya kafa aji da hannunsa, ya yi fiye da rabonsa. Gina makaranta aikin hukuma ne da ma'aikatun magajin gari. Akwai kuma hanyoyi tsakanin kara da siminti: ginin ƙasa mai rufin baka da ba ya bukatar itace, wanda aka koya wa magina a Nijar tun shekarun 1980, ko ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano da ake cike bangonsu sannu a hankali. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, daminar 2024 ta tuna wa kowa haka, amma ba ya ci da wuta.

Akwai wani abu da ba a son faɗa. Ma'aikata da manyan ƴan kasuwa, waɗanda muryarsu ke isa ofishin gwamna, da yawansu sun kwashe ƴaƴansu zuwa makarantu masu zaman kansu. Taron uwaye na lakwal ɗin unguwa ya rasa masu iya karanta takardar kuɗi, masu iya rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari su kuma bi sawunta. Alhazan Maraɗi da na Damagaram sun shahara wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi, kuma akwai waɗanda suka gina ajujuwa. Aji guda na siminti a makarantar unguwa yana fitar da yara sittin daga rumfa, kowace shekara, har tsawon rayuwar ginin. Ɗiyan direbansu da na mai gadinsu a can suke.

Abu na ƙarshe da kwamiti ke iya sawa cikin takardar aikin bana shi ne gwajin fita. Kusan kowace makaranta tana da tsohon ƙarfen tayar mota rataye a jikin itace, wanda ake bugawa don shiga aji da tashi. A zaɓi wani bugu na dabam, mai sauri ba tsayawa, a gaya wa yara ma'anarsa. Idan sun ji shi, su bar allo da jaka da takalma, rabin aji ya bi ƙofar gaba, rabi ta baya, su taru gindin itacen da aka nuna musu, malami ya kira suna ɗaya bayan ɗaya daga littafin rajista. A ajiye tulu ko ganga cike da ruwa da tarin rairayi a ƙarshen kowane jeri, a kuma sa sunan wanda zai riƙa duba su ranar Litinin. Gwajin ba ya cin fiye da rabin awa. Ƴan CI sai an maimaita musu shi sau uku ko huɗu kafin hunturu ya yi ƙarfi, domin a karon farko rabinsu komawa suke yi ɗauko takalma.