Iyakwandishan Tsohuwar Mota: A Toshe Yoyo Kafin A Ƙara Gas

Da zarar bazara ta kama, masu tsofaffin motoci sukan nufi gareji su ce a ƙara musu gas, wai na cikin iyakwandishan ya ƙare. Alhali kuwa wannan gas ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, saboda haka in ya ragu ƙwarai, to akwai inda yake yoyo.

Ɗalibin da ya san dalilin sanyin ruwan randa ya riga ya san tushen aikin wannan na'ura. Duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da ke kusa da shi, kamar dai yadda gumi ke sanyaya fatar mutum. A cikin mota, kwamfiresa ce ke matsa gas har ya yi zafi, ta tura shi kwandensa da ke gaban lagireto. A nan iska ke huce shi ya koma ruwa. Sai ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa inda matsin ke faɗuwa, ya shiga wasu siraran bututu da ke bayan dashbod, ya sake zama tururi yana zuƙe zafin cikin mota. Fanka kuma ta huro wa fasinja sanyayyar iska.

Yayin da mota ta tsufa, zobban roba da ke mahaɗar bututu sukan bushe, tiyo ya tsage, tsakuwa ta huda kwandensa. Gas yana tafiya ne tare da man da ke shafe kwamfiresa, don haka danshin mai da ƙura ta manne masa alama ce ta yoyo. Ƙwararren bakanike yakan tabbatar da wurin da kumfar sabulu ko da wani rini mai ƙyalli. Bayan ya toshe, sai ya canza matatar da ke shanye laima, ya zuƙe iskar da ta shiga bututu da inji, kana ya zuba gas daidai nauyin da kamfani ya rubuta. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya ɗebi ruwa da kwando, ƙila ma ya kashe kwamfiresarsa.

Sai kuma a san irin gas ɗin. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 yawancinsu R-12 aka zuba musu, na bayansu kuma R-134a. Ba a gauraya su, kuma man da ke tafiya da na farko ba ya tafiya da na biyu. Juya tsohuwar mota zuwa R-134a yana bukatar a sauya mai da matata da bakin bututu.

Me ya sa aka daina R-12? A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa sinadarin kulorin da ke cikin irin wannan gas yana lalata ozon, wato rufin da ke tare mugun hasken rana mai haddasa ciwon dajin fata da yanar ido, mai kuma cutar da tsirrai da ƙananan halittun teku. A 1985 aka ba da rahoton ɓulewar wannan rufi a saman Antatika, aka kuma sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal a 1987. Ƙasashe masu arziki suka daina yin R-12 daga 1996, masu tasowa kuma daga 2010.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. R-134a ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon dayoksaid. Shi ya sa gyaran yarjejeniyar da aka yi a Kigali a 2016 ya tanadi rage amfani da shi, kuma sababbin motoci da yawa sun koma R-1234yf.

Ashe ke nan ƙara gas kowace bazara ba tare da toshe yoyo ba asara biyu ce, ta aljihu da ta muhalli. Mai mota ya tambayi bakanikensa inda yoyon yake tun kafin ya tambayi kuɗin gas, ya kuma riƙa kunna na'urar na 'yan mintoci ko da lokacin hunturu ne, don mai ya zagaya, robobi su daɗe ba su bushe ba.