Jar Fada ta Tarabulus: Ganuwa Tana Nan, Masu Ita Sun Tafi

  Ku sani babu birnin da kakanninmu suka fi jin sunansa a bakin masu raƙuma kamar Tarabulus, hedkwatar ƙasar Libiya, wadda ke zaune a gaɓar Bahar Rum. Can ayarin Kano ke sauke kaya, bayan ya bi ta Damagaram da Azbin da Gat da Gadamus, tafiyar watanni cikin rairayi. A kusurwar tsohon birnin, daura da tashar jiragen ruwa, akwai wata ƙasaitacciyar kagara ta dutse wadda Larabawa ke kira Saraya Hamra, watau Jar Fada. Allah ya nufe ni da ziyararta, na ga ya kamata in ba ku labarinta, domin akwai abin lura a ciki.

Mai zuwa yakan fara tsayawa a babban filin da ake kira Maidanus Shuhada. Daga nan zai ɗaga kai ya ga bango mai tsawo da kauri, gindinsa ya fi samansa faɗi, an yi shi haka don ya jure harsashin igwa. A da ruwan teku har jikin bangon yake dukawa, amma yanzu an cike gaɓar, an shimfiɗa titi tsakaninsu. In ka shiga, sai ka tarar ashe gari ne guda: tsakar gida bayan tsakar gida, da soraye, da lunguna, da maɓuɓɓugan ruwa na marmara. Faɗin wurin ya kai kamar murabba'in mita 13,000. Kowane mai mulki ya ƙara nasa gini a kan na wanda ya gada, har ya zama ba ka iya cewa ga hannun maginin farko. In ka hau bisa, teku na gabanka, kasuwar Mushir da masallacin Ahmadu Basha suna bayanka.

To, ga jerin waɗanda suka riƙe ta. Amru ɗan Asi ya ci Tarabulus a shekara ta 22 ta Hijira, daga nan sarakunan Musulmi suka yi ta zama a wannan wuri ƙarni bayan ƙarni. A 1510 mutanen Sifen suka zo ta ruwa suka ƙwace birnin, suka ƙarfafa kagarar. A 1530 suka danƙa ta ga mayaƙan Nasara na tsibirin Malta. A 1551 rundunar Sarkin Istambul ta kewaye ta, Sinan Basha na jagora, tare da Dargut, gwanin yaƙin teku. Kwana shida ana ruwan igwa, amma abin da ya ƙarasa zancen daga ciki ya fito: sojan da ke tsaron kagarar suka yi wa shugabanninsu bore, suka ce sai a yi sulhu, dole aka buɗe ƙofa.

A 1711 Ahmadu Karamanli ya kawar da hakiman Turkawa, ya kafa gidan sarautarsa a cikin wannan fada, zuriyarsa ta riƙe ta shekara 124. A cikinsu babu wanda ya kai Yusufu Basha suna. Shi ne ya kashe wansa Hasan a 1790, a ɗakin mahaifiyarsu, a gaban idonta, saboda kwaɗayin gadon sarauta. Rigimar gidan ta ba wani baƙo, Ali Burgul, damar ƙwace birnin a 1793, sai da Sarkin Tunis ya taimake su suka dawo a 1795, Yusufu ya ture ɗaya ɗan'uwan nasa ya hau.

A zamaninsa Tarabulus ta yi ƙarfi ƙwarai. Jiragen Turai sai sun biya shi kafin su wuce lafiya. A 1803 mutanensa suka kama wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia, da ma'aikatansa kimanin 300. Da izninsa kuma Baturen nan Kilabaton ya taso daga Tarabulus a 1822, ya iso Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma da ƙasashen Turai suka gama yaƙe-yaƙensu a 1815, sai suka hana wannan kuɗin teku. Yusufu bai rage kashewa ba. Ya ci bashin 'yan kasuwar Ingila da na Faransa, ya lalata darajar kuɗin ƙasarsa, ya ɗora wa talakawa sabon haraji. Mutane suka tayar, ya yi murabus a 1832. A 1835 jiragen Istambul suka iso, aka gayyaci ɗansa Ali Basha cikin jirgi, aka riƙe shi. Ko dutse ɗaya bai faɗi daga bangon ba, sarauta ta ƙare.

Ku fatake, ga naku rabon labarin. Abin da ya ciyar da wannan fada har da gumin ƙasarmu: jar fatar akuyar Sakkwato, da turkuɗin Kano, da gashin jimina, da hauren giwa. Akwai kuma abin da ba mu so mu tuna, amma gaskiya ce: 'ya'yan mutane da aka kora cikin sahara aka sayar a matsayin bayi, da yawa ƙasusuwansu suka rage a bakin rijiyoyi. Larabawan Tarabulus da na Gadamus kuwa suka zauna a Kano, har yau ana kiran unguwarsu Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci su ake ce wa Turawa. A shekarar 1911 abubuwa biyu suka haɗu: Italiya ta auka wa Tarabulus, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano daga kudu. Kayan da raƙumi ke kaiwa cikin watanni, jirgi ya riƙa kai su Ikko cikin kwanaki. Ayari ya mutu, ba da takobin kowa ba. Mai hankali ya juya da hajarsa kudu, wanda ya tsaya jiran jiya ya karye.

Italiyawa sun mai da wani sashen fadar gidan ajiye kayan tarihi a 1919, aka sake gyara shi aka buɗe a 1988. Gidan da jakadu ke shiga da rawar jiki, ya koma wurin da 'yan makaranta ke zuwa kallo.

Mu ma a ƙasar Zamfara mun san wannan karatu. Alƙalawa tana da ganuwa, ta faɗi a 1808. Birnin Zamfara ma ganuwa gare shi, Gobirawan da aka sauka a matsayin baƙi su suka ci shi. Yau da garuruwanmu ke fama da 'yan bindiga, kowa na zancen shinge da rami da masu gadi. Waɗannan duk suna da amfani, kada a bar su. Amma Jar Fada ta nuna mana cewa ƙofa daga ciki ake zare mata sakata. Garin da alƙali ke karɓar toshi, ake cinye gonar maraya, ɗan gari ke kai wa ɓarayi labari don 'yan kuɗi, ko bangonsa ya kai sama ba zai tsare shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin malami ne ya faɗa wa mai sarauta haka tun da sauran lokaci, aikin attajiri ne kuma kada ya sayi saniyar da bai san asalinta ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu adalci. Haza wassalam.