Tsoron shiga na'urar MRI: faɗa wa ma'aikata tun kafin ranar hoto

Idan likita ya rubuta maka hoton MRI, za a kwantar da kai a kan wani siririn gado da ke zamewa cikin rami mai kama da bututu. Faɗin ramin a na'urori da yawa santimita 60 ne, masu faɗi kuma 70. Kana iya yin minti 20 zuwa awa ɗaya a ciki, na'urar tana ta buga ƙara mai ƙarfi da kan wuce desibel 100. Wasu ba su ma san suna tsoron matsattsen wuri ba sai gadon ya fara tafiya da su: gaba ya faɗi, gumi ya karyo, numfashi ya yi kamar zai ɗauke. Wannan ba ragwanta ba ce, kuma ma'aikatan sun saba ganin haka.

Matsalar ita ce motsi. MRI ba ya ɗaukar hoto farat ɗaya. Zango-zango yake aiki, kowane zango na 'yan mintoci, kuma motsi kaɗan a tsakiyar zango kan sa hoton ya yi dishi-dishi har a sake shi. Wanda ya fito a firgice kuwa zai koma gida ba sakamako, ga kuɗin mota, ga jinkirin magani. Shi ya sa ranar da ka je karɓar lokaci ita ce ranar faɗin damuwarka, ba sai an kwantar da kai ba.

Abin da ke rage tsoron

Ramin a buɗe yake gaba da baya, da fitila da iska a ciki. Ma'aikacin yana kallonka ta gilashi, kuna jin juna ta lasifika. Za a ba ka abin toshe kunne, a sa maka wata 'yar roba a hannu: da ka matsa ta, za a tsaya a saurare ka. Sashen jikin da ake dubawa ne kawai dole ya kasance a tsakiyar ramin. Idan gwiwa ce ko idon sawu, da ƙafa za ka shiga, kanka yana waje. Hoton kai ya fi wahala, don ana ɗora wani abu kamar kwalkwali a kan fuska. Tambaya ko akwai madubin da ake maƙala masa don ka riƙa hango waje.

Rufe ido tun kafin gadon ya motsa, kada ka buɗe “don ka ga yadda wurin yake”. Nan ne da yawa suke rikicewa. Roƙi ma'aikacin ya riƙa faɗa maka tsawon kowane zango. Sau da yawa ana barin ɗan'uwa ya tsaya kusa da kai, bayan an tabbatar babu ƙarfe a jikinsa.

Idan sai da magani

Likita na iya ba ka maganin kwantar da hankali irin su diazepam ko lorazepam kafin hoton. Kada ka sayo a kemis ka sha da kanka. Idan ka haɗa shi da tramadol, kodin ko giya, numfashi na iya raunana, alhali ma'aikatan ba su san ka sha komai ba. Ka zo da ɗan rakiya, kuma kada ka tuƙa mota ko babur tsawon awa 24.

Ƙananan yara, da manyan da ba za su iya zama shiru ba, wani lokaci sai an sa su barci. A nan ana hana abinci kimanin awa 6, ruwa zalla kuma awa 2, sannan ana lura da numfashi da bugun zuciya da kayan da aka ƙera don ɗakin MRI. Maganaɗisun ba ya mutuwa ko da ba a aiki. A 2001, a jihar New York ta Amurka, ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 da aka ba maganin barci, ya rasu. Don haka idan aka ce a cire filin ɗankwali, laya, makulli ko waya, a cire.

Idan kai mai jiki ne

Kowane gado yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, amma sau da yawa faɗin kafaɗa da ciki ne ke hana shiga, ba kilo ba. Kira cibiyar tukuna, ka faɗi nauyinka da awon cikinka, ka tambayi faɗin raminsu. Ya fi ka yi doguwar tafiya a mayar da kai.

Fata ba ta son taɓa bangon ramin, haka cinya da cinya ko hannu da hannu, domin wurin na iya ɗaukar zafi har ya ƙone. Shi ya sa ake cusa soso a tsakani. Idan ka ji wani wuri yana zafi, matsa robar nan take. Idan kuma kana minshari mai ƙarfi ko numfashinka na yankewa cikin barci, dole likita ya sani kafin a ba ka maganin kwantar da hankali, don kwanciya rigingine da maganin kan ƙara toshe hanyar iska.

Akwai na'ura mai buɗaɗɗun gefuna. Ta fi sauƙin shiga, sai dai yawancinsu maganaɗisunsu bai kai tesla 1.5 na na'urar rami ba, hoton kan ɗauki lokaci kuma bai cika kaifi ba. Tambayi likitan da ya tura ka ko irin wannan hoton zai wadatar da abin da yake nema, ko kuwa CT ko sikanin zai iya maye gurbinsa.