Salati a Jarka ko Salati a Ƙarƙashin Fitila: Wanne Ne Namu?

Ga abin da muka tattauna a shirin noma da kiwo na wannan mako, mun sa shi a takarda don wanda shirin ya wuce, da wanda ke son ya ajiye lissafin ya sake dubawa.

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku a kan bidiyon nan ce da ke yawo a WhatsApp: ɗaki a rufe ruf, ba taga, ba ƙasa, ga salati, wanda 'yan'uwanmu na tsallake ke ce wa latas ko salak, an jera shi hawa-hawa har rufi, fitilu ja-ja shuɗi-shuɗi na haska shi. Kuna tambaya, wai gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, mu ma za mu iya?

Gaskiya ne, ba haɗi ba. Sai dai abin da masu wannan noma ke saye da tsada, wato haske, mu nan kyauta muke samun sa. Abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsu shi ne dabarar shuka a mazubi. Fitilar kuwa, mu bar musu kayansu.

Aikin me fitilar ke yi?

Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa take haɗa haske da ruwa da iska ta yi abincinta. Ƙasa aikinta ta riƙe saiwa, ta ajiye ruwa, ta ba da sinadarin taki. To, in ka narkar da takin cikin ruwa ka kai wa saiwa kai tsaye, shuka na iya rayuwa ba ƙasa. Haka in ka ba ta haske mai ƙarfi daga fitila, tana iya rayuwa ba rana. Fitilun da ake amfani da su ana ce musu LED, kuma ja da shuɗi ne launukan da ganye ya fi sha, shi ya sa ɗakin ke yin wannan kala.

A Japan, wani kamfani mai suna Spread ya buɗe irin wannan gida a garin Kameoka a 2007, wanda ya kai ga fitar da salati wajen dubu 20 a rana. A Dubai an buɗe wani mai suna Bustanica a 2022. Har a tashar da ke shawagi a sararin samaniya, 'yan sama jannati sun ci salatin da suka shuka ƙarƙashin fitila a watan Agusta 2015. Kowa da dalilinsa: Japan filin noma ya yi mata kaɗan, Dubai hamada ce mai ƙarancin ruwa, a sararin samaniya kuwa ba gona ko kaɗan. Kuma kun lura kusan duk salati ne? Don gajere ne, yana saurin isa, bai cika son haske mai yawa ba, kuma ganyen ake ci gaba ɗaya. Ba mai noman gero ko dawa ƙarƙashin fitila don ya kai kasuwa.

Mu yi lissafi

Wuri mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, yana ɗaukar salati 20 zuwa 25 manya. Don ya yi kyau a ɗaki, yana son fitilar LED mai kyau ta wajen wat 100, a kunne awa 16 kowace rana. Wat 100 sau awa 16, kilowat 1.6 ke nan na wuta a rana. Allon sola na wat 100, irin wanda kuke cajin waya da shi, a ranar ƙasarmu yana tara kusan rabin kilowat a yini. Ke nan sai ka jera allo huɗu, ka sayi batir babba, don kawai ka haska salatin mita ɗaya. Kun ga abin: ka tare rana da allo, ka maida ta wuta, ka sake maida wutar haske, alhali ga ranar nan a tsakar gida ba wanda ya hana ka ita.

Ƙwan fitila na ɗaki ko cocila ba za su yi ba. Idonka na ganin haske, amma ga shuka duhu ne. Za ta yi zalaƙo, ta yi fari-fari, ta kwanta. Ga kuma zafi: fitila a ɗakin kwano a rufe ƙara ɗumi take yi, salati kuwa maƙiyin zafi ne, sai ka nemi na'urar sanyaya ɗaki, wata wutar ke nan.

Su ma masu abin tsadar wuta ta ba su kashi. Kamfanin Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa a ƙarshen 2022 bayan kuɗin wuta ya tashi, a 2023 ya durƙushe. AeroFarms na Amurka shi ma a 2023 ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. Mu nan kuma ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya. Shukar da ranta ke hannun kuran, kwana uku na duhu sun isa su ɓata ta.

Abin da ke namu: mazubi

Matsalarmu ba haske ba ce. Matsalarmu ruwa ne, da ƙasa mai kyau, da zafin rana mai yawa, da bakin akuya. Duk huɗun nan mazubi na maganinsu. Ruwan da ka zuba yana tsayawa gun saiwa, ba ya bin rairayi. Ƙasar kai ka haɗa ta. In rana ta yi tsanani ka ja shi inuwa. In akuya ta matsa ka ɗora shi bisa.

Ba sabon abu ba ne a Afirka. A Dakar ta Senegal, tun 1999 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara koya wa mutane shuka a bisa tebur, cikin ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa. A lissafin hukumar, teburin mita ɗaya na iya ba da salati 36 cikin kwana 60. A unguwar Kibera ta Nairobi kuwa a buhu suke yi: a tsaida buhu, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa, a cika gefe da ƙasa, a huda jikin buhun a dasa ganye.

Ga yadda ake yi da jarka, wato bido:

Ka samu ta lita 20 ko 25 wadda man girki ya ƙare a ciki. Ka kwantar da ita, ka yanke gefe ɗaya mai faɗi, ka huda ƙasanta wuri shida ko takwas da ƙusa mai zafi. Yayyenmu masu harkar mai, a yi haƙuri: jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, gas ko maganin ƙwari ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke ta. Roba na shan abin, salati kuwa ɗanye ake ci.

Haɗin ƙasa: kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na taki ruɓaɓɓe, kwano ɗaya na ƙaiƙayin shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Zurfi santimita 15 zuwa 20 ya ishi salati, kamar tsawon tafin hannu da yatsu, don saiwarsa ba ta nisa. Karas na son 25 zuwa 30. Tumatir da tattasai kowane gindi ɗaya bokitinsa na lita 20.

Iyayenmu makiyaya, taki dai a hannunku yake, amma ba ɗanyen kashin shanu ba. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A tara shi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa wata uku, har ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina ɗumi.

Irin salati ƙanana ne, ba a binne shi. A barbaɗa, a rufe da ƙasa shara-shara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: in zafin ƙasa ya haura digiri 30, irin sai ya yi barci ya ƙi tsirowa, kai kuwa ka ce mai iri ya cuce ka. Don haka a shuka da yamma, a ajiye mazubin gindin randa ko tulu inda ke da sanyi. Cikin kwana uku zuwa bakwai zai fito. Da ya fito a kai shi haske. Bayan mako uku, in ya yi ganye huɗu, a dasa uku ko huɗu a kowace jarka.

Wurin ajiyewa: gabas da bango ko gabas da rumfa, ya sha ranar safe awa huɗu zuwa shida, ya huta da ta azahar. Kada a ajiye bisa siminti mai zafi, a ɗora kan bulo ko katako. Ban ruwa safe da yamma. Ka sa yatsa, in da danshi ka dakata. Ruwan wankin Omo ba ya yi. In rijiyarku mai kanwa-kanwa ce, za ka ga fari-fari bisa ƙasar. Sau ɗaya a mako ka zuba ruwa da yawa har ya tsiyaye ta ƙasa ya wanke gishirin. Kaji, tsuntsaye da ƙadangare kuwa, tsohon gidan sauro da ya gama aiki ya ishe su, a ɗaga shi da sanduna kada ya taɓa ganye. Ban da wanda yara ke kwana ciki fa.

Daga shuka zuwa ci, kwana 45 zuwa 60. Kada ka tuge gindin. Ka riƙa tsinke ganyen waje, na ciki na ci gaba da fitowa. A wanke shi sarai da ruwa mai tsabta kafin ya shiga kwano.

Kowane ganye da lokacinsa

Salati ɗan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara ta kama sai ya miƙe ya yi kara, ya nemi fure, ganyen ya yi ɗaci. A lokacin nan kada a yi gardama da rana. A juye jarkar, a ƙara taki, a shuka alayyafo, yakuwa, rama ko lalo. Su zafi bai dame su ba, alayyafo ma cikin wata ɗaya an fara yanka. Kuma gaskiya ɗaya: salati kusan duk ruwa ne. Alayyafo da zogale sun fi shi gina jiki nesa ba kusa ba, su ne ke da sinadarin da ke kare yara da masu ciki daga dundumi. Wanda ke tafe da garke kullum wannan aiki ba zai yi masa ba. Amma iyaye mata da tsofaffi da yaran da ke zama mashekari duk rani, jarka biyar ko shida kusa da rijiya na iya sa ɗanyen ganye a miya lokacin da daji ya bushe. Ranar tashi kuma su hau amalanke.

Ciyawar tire: inda ɗaki ke da amfani

Akwai noman cikin ɗaki guda ɗaya da ya shafi makiyayi, shi kuwa ba ya son fitila. A jiƙa hatsi kwana ɗaya, a baza a tire mai huji, a riƙa yayyafa ruwa sau uku ko huɗu a rana cikin inuwa mai iska. Cikin kwana bakwai ko takwas ya zama tabarmar ɗanyar ciyawa, dabba ta cinye har saiwa. Hukumar abinci ta duniya, WFP, ta yi wannan da sha'ir a sansanonin 'yan gudun hijira na Tinduf a Aljeriya, daga baya ta kai shi gabashin Chadi.

Sai dai a riƙe abu uku. Na ɗaya, kilo ɗaya na hatsi na iya zama kilo shida na ciyawa, amma ƙarin nan ruwa ne, abincin bai ƙaru ba. Ƙari ne ga akuya mai shayarwa ko ragon turke, ba madadin harawa da dusa ba. Na biyu, in fumfuna ta kama tire, a zubar, kada a ba dabba. Na uku, kuma shi ne babba: ban da dawa. Kun fi mu sanin abin da gyauron dawa ke yi wa saniya. Gubar nan tana cikin tsiron dawa tun yana ƙarami. A yi da masara, ko alkama, ko sha'ir in ya samu.

Ga 'yan kasuwa

Albasar Galmi na iya kwana da kwanaki cikin mota tana jiran a buɗe hanya. Salati ba ya iyawa, yini ɗaya na rana ya isa ya yaushe. Wanda ya ga rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya san yadda kayan gwari ke ƙarewa. Ribar salati a kusanci take: mai shayi da burodi, mai tsire, mai gidan abinci na bakin tasha, duk suna son wanda aka tsinko da safen nan. Kafin ka zuba kuɗi, Alhaji, fara da jarka goma bayan shago. Rubuta kuɗin iri, da na ruwa in saye kake, da abin da ka sayar cikin wata biyu. In lissafi ya fita ka ƙara. In wani ya zo maka da fitilar noma ta sayarwa, ka tambaye shi wat nawa ce, awa nawa za ta ci, wa zai biya wutar.

Wanda ya gwada, ya turo mana saƙo ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don wasu su ƙaru. Allah ya tsare dabbobi, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.