Manhajar da Ta Ƙi Gogewa: Yadda Kotuna Suka Yi Fama da Babakeren Microsoft da Google

A watan Fabrairun 1999, a wata kotun tarayya da ke birnin Washington, aka kunna wani faifan bidiyo da kamfanin Microsoft ya gabatar a matsayin hujja. Kamfanin yana so alƙali ya gani da idonsa cewa idan aka cire manhajar shiga intanet ta Internet Explorer daga cikin Windows 98, kwamfuta za ta yi nauyi, wasu ayyukanta su lalace. Lauyan gwamnati, David Boies, ya sa aka riƙa tsayar da faifan ana dubawa daki-daki. Sai ga wasu 'yan alamomi a fuskar kwamfutar suna ɓacewa suna dawowa, abin da ba zai faru ba in da na'ura ɗaya aka ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Jim Allchin, babban jami'in kamfanin da ke ba da shaida, ya rasa mafita, ya amince cewa an harhaɗa faifan ne daga kwamfutoci fiye da ɗaya.

Mai jin labarin zai iya cewa wannan rigimar masana kwamfuta ce, babu ruwan talaka. Amma duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya ya tarar an cika ta da manhajojin da bai nema ba, ya danna domin ya goge abin ya ƙi, to ya riga ya san abin da ake shari'a a kai. Wa ke da ikon faɗin abin da zai zauna a cikin na'ura: wanda ya ƙera ta, ko wanda ya sa kuɗinsa ya saya?

Kowace kwamfuta ko waya tana da babbar manhaja wadda ita ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android, sauran manhajoji kuma a kanta suke zama. Mai babbar manhaja tamkar mai filin kasuwa ne wanda shi ma yake da kayan sayarwa. Idan ya ga dama sai ya kafa rumfarsa a bakin ƙofa, ya tura sauran 'yan kasuwa can lungu, kuma mafi yawan masu shigowa a rumfar farko za su tsaya. A ƙarshen shekarun 1990, fiye da kashi 90 cikin ɗari na kwamfutocin gida da na ofis suna aiki ne da Windows, don haka filin kusan duka na mutum ɗaya ne.

A watan Disambar 1994 wani ƙaramin kamfani mai suna Netscape ya fitar da manhajar shiga intanet da ake kira Navigator, cikin ɗan lokaci kuma ta mamaye duniya. Abin da ya tayar wa Microsoft hankali ya wuce farin jinin manhajar. Navigator tana aiki a kan kowace irin kwamfuta. Idan har mutane suka koma yin ayyukansu a cikinta, wata rana ba za su damu da ko kwamfutarsu Windows take ɗauke da ita ko wani abu daban ba. Bill Gates ya hango haka, a watan Mayun 1995 ya rubuta wa manyan ma'aikatansa doguwar takarda yana gargaɗinsu cewa intanet na tafe kamar ambaliya, ya kuma ambaci sunan Netscape a matsayin sabon abokin gasa.

Martanin bai daɗe ba. A watan Agustan 1995 aka fito da Internet Explorer, daga baya aka riƙa bayar da ita kyauta, aka kuma sanya ta cikin Windows. Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta ba su da damar cire ta, domin sharaɗin lasisinsu ya hana. A 1996, da kamfanin Compaq ya cire alamar Internet Explorer daga fuskar wasu kwamfutocinsa, Microsoft ya aika masa da sanarwar cewa zai soke masa lasisin Windows. Kamfanin kwamfuta da ba shi da Windows a wancan zamani ya mutu murus, don haka Compaq ya mayar da alamar. A kotu, wani jami'in kamfanin Intel, Steven McGeady, ya shaida cewa ya ji wani babba a Microsoft yana faɗin cewa manufarsu ita ce su shaƙe Netscape har numfashinsa ya ɗauke.

Ranar 18 ga Mayun 1998, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu. Dokar da suka dogara da ita tsohuwa ce, Dokar Sherman ta 1890, wadda da ita aka raba kamfanin man fetur na Standard Oil gida 34 a 1911. Dokar ba ta hana kamfani girma. Abin da ta hana shi ne amfani da wannan girma wajen toshe wa wasu hanya.

Hujjar Microsoft ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Kamfanin ya ce Internet Explorer wani ɓangare ne na jikin Windows, ba kaya biyu ba ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma mai saye ne ke cin riba tunda ya samu kyauta abin da a da sai ya biya. Ya ƙara da cewa idan alƙalai suka fara zaɓar abin da zai shiga cikin manhaja, ƙirƙira za ta tsaya. Akwai gaskiya a ciki: yau babu wanda zai so a miƙa masa wayar da ba ta da hanyar shiga intanet. Inda hujjar ta yi rauni shi ne da'awar cewa cirewar ba ta yiwuwa. Farfesa Edward Felten na Jami'ar Princeton ya rubuta wata 'yar manhaja da ke kashe aikin Internet Explorer, Windows kuma ta ci gaba da tafiya, wannan ne ma abin da faifan bidiyon ya zo ƙaryatawa. A Ostiraliya, wani mai suna Shane Brooks ya fitar da 98lite, wadda mutane suka riƙa saukewa suna tsame Internet Explorer daga kwamfutocinsu da kansu.

A watan Nuwamban 1999 Alƙali Thomas Penfield Jackson ya tabbatar da cewa Microsoft ya yi babakere a kasuwa kuma ya yi amfani da ƙarfinsa wajen danne abokan gasa. A watan Yunin 2000 ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, ɗaya ya riƙe Windows, ɗaya ya riƙe sauran manhajoji. Umarnin bai kai ko'ina ba. Bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa kamfanin ya karya doka wajen kare babakerensa, amma ta soke batun rabuwar, ta kuma ɗauke shari'ar daga hannun Jackson saboda ya riƙa hira da 'yan jarida a ɓoye ana tsaka da sauraron ƙara. A watan Nuwamban 2001 aka yi sulhu da gwamnati. Masu ƙera kwamfuta da masu amfani da ita suka sami damar ɓoye Internet Explorer su sa wata a madadinta, amma ainihin manhajar tana nan kwance a cikin Windows.

Kafin a kai nan, wanda aka yi shari'ar dominsa ya riga ya faɗi. Tun a ƙarshen 1998 kamfanin AOL ya sanar da sayen Netscape, kuma a farkon shekarun 2000 Internet Explorer ta riƙe fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet. Abin da ya biyo baya shi ne shaida mafi ƙarfi a kan illar babakere: an fitar da Internet Explorer 6 a 2001, ba a sake fitar da sabuwa ba sai a 2006. Shekara biyar ana fama da tsohuwar manhaja mai cike da kafofin da ɓarayin intanet ke shiga, saboda babu mai matsa wa kamfanin lamba. Sai da Firefox, wadda ta tsiro daga abin da Netscape ya bari, ta fito a 2004 sannan aka farka.

Turai ta bi wata hanya. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai, ƙarƙashin kwamishinan gasa Mario Monti, ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya fitar da wani nau'in Windows wanda babu Windows Media Player a ciki, wato manhajar kunna sauti da bidiyo. Haka aka haifi Windows XP N. A takarda wannan babbar nasara ce, domin ga hukuma ta tilasta a cire manhajar da aka ce ba ta ciruwa. A kasuwa kuwa abin ya faɗi warwas. Hukumar ba ta ce a rage farashi ba, don haka nau'in da aka cire wa abu da cikakken nau'in kuɗinsu ɗaya. Manyan masu ƙera kwamfuta suka ƙi ɗauka, kuma zuwa 2006 abin da aka sayar bai kai kwafi 2,000 ba. Koriya ta Kudu ma ta ci tarar kamfanin a 2005 ta kuma sa ya fitar da irin waɗannan nau'o'i.

Hukumar Tarayyar Turai ta koyi darasi. Da kamfanin Opera na ƙasar Norway ya kai ƙara a 2007 kan Internet Explorer, sai aka sauya dabara. Maimakon a cire manhaja a bar mutum da rami, Microsoft ya amince a 2009 cewa zai riƙa nuna wa masu Windows a Turai wani allo mai ɗauke da manhajojin shiga intanet 12, kowa ya zaɓi wadda yake so. An fara a watan Maris na 2010, kuma hukumar ta ce zuwa Nuwamban shekarar an sauke manhajoji miliyan 84 ta wannan allo. Daga watan Mayun 2011 zuwa Yulin 2012 allon ya ɓace daga wani sabon nau'in Windows 7, mutane kimanin miliyan 15 ba su gan shi ba. Microsoft ya ce kuskuren fasaha ne, hukumar ta ci shi tarar yuro miliyan 561 a 2013. Abin damuwa a nan shi ne an yi wata 14 hukumar da kanta ba ta lura ba, domin ta dogara ne da rahoton da kamfanin ke kawo mata.

Ana wannan, duniya ta koma kan waya, filin kasuwar kuma ya sami sabon mai shi. Google yana bayar da Android kyauta, amma a wancan lokaci duk mai ƙera wayar da ke son a ba shi Play Store, wato rumbun da ake sauke manhajoji, dole ya sanya Google Search da Chrome tun daga masana'anta. A watan Yulin 2018 kwamishinar gasa ta Tarayyar Turai, Margrethe Vestager, ta sanar da cin Google tarar yuro biliyan 4.34, wadda kotu ta ɗan rage a 2022. Cikin hujjojin hukumar akwai ɗaya da ta fayyace komai. A 2016, fiye da kashi 95 cikin ɗari na binciken da ake yi a wayoyin Android ta Google ake yinsa. A wayoyin Windows kuwa, inda Bing ta Microsoft ce aka riga aka sanya, fiye da kashi 75 cikin ɗari ta Bing ake yi. Mutane iri ɗaya, buƙata iri ɗaya, bambancin kawai abin da suka tarar a cikin wayar ranar da suka kunna ta.

Kamfanonin sun fi kowa sanin darajar wannan wuri. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, ya fito fili cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 domin ya zama shi ake tararwa a wayoyi da manhajojin shiga intanet, kuma kaso mai tsoka na kuɗin Apple ne ke karɓa. A watan Agustan 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. Da aka zo maganar gyara a 2025, bai tilasta masa sayar da Chrome ba, ya dai hana shi ƙulla yarjejeniyar da ke rufe wa kowa ƙofa.

Babbar matsalar duk waɗannan shari'o'i ita ce lokaci. Ana shekara biyar ko goma ana ja-in-ja, kafin a yanke hukunci ƙaramin kamfanin ya rushe, tarar kuma ba ta dawo da shi. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa Dokar Kasuwannin Dijital, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni shida a watan Maris na 2024: Alphabet mai Google, Amazon, Apple, ByteDance mai TikTok, Meta da Microsoft. Dokar ba ta jira sai an kai ƙara. Ta wajabta musu barin mutum ya goge manhajojin da aka sanya masa, in ban da waɗanda na'urar ba za ta yi aiki ba sai da su, ya kuma sauya zaɓin farko cikin sauƙi. Wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. Nan take Microsoft ya buɗe hanyar goge Edge, magajiyar Internet Explorer, a kwamfutocin Turai, daga baya Apple ma ya bari a goge tasa, Safari, a can.

Wannan dama ta tsaya a iyakar Turai. Mai sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a Maraɗi, inda galibin wayoyi Android ne masu ƙaramin ma'aji, sau da yawa abin da zai iya shi ne ya dakatar da manhajar da ba ya so. Wadda bai dakatar ba tana iya sabunta kanta ta cinye masa data da wuri, kuma shi ne ya fi kowa jin zafin hakan domin da guminsa yake sayen datar.

Najeriya ba ta rasa makami ba. Dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa ta hanyar da ba ta dace ba. A watan Yulin 2024 hukumar ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, cikin laifuffukan da ta lissafa har da bambanta su da masu amfani da manhajojinsa a wasu ƙasashe, kuma kotun gasa ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Ya dace hukumar ta kai wannan hujja ta bambanci kan batun manhajojin da ake cusawa a waya da kwamfuta. Kamfanonin sun riga sun gina hanyar gogewar, tana aiki a Faransa da Jamus, don haka ba za su iya sake cewa ba ta yiwuwa ba.