Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: Ginin da Aka Kafa a Bayan Badala

Layin dogo ya iso Kano daga Baro a shekarar 1911, zamanin Sarki Abbas, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan reluwe ne, shi ya tsaya kai da fata a kan aikin. Amma jirgin bai keta ganuwa ba. Turawa sun kafa tasha da ofisoshinta a gabas da birni, suka bar wa Sarki cikin gari, ma'aikatan da suka biyo dogo daga Kudu kuwa aka zaunar da su a Sabon Gari.

Wanda ya saba da ginin cikin birni zai ga bambanci nan take. Maginin Kano da tubali yake ɗora bango, ya yi rufi da azara, ya shafe da makuba. Ita azara ba ta ɗaukar nauyi idan faɗin ɗaki ya wuce kusan mita biyu, shi ya sa soro babba sai da bakan gizo. Reluwe ba ta da wannan damuwa, domin a cikin taragonta take ɗauko ƙarfe da siminti da kwano. Sai dai kwano tanderu ne a watan bazara. Maganin da injiniyoyin suka yi shi ne su ɗaga rufi sama, su zagaye gini da baranda don kada rana ta taɓa bango, su sa tagogi suna kallon juna iska ta ratsa. A ganina kaurin bangon ƙasa ya fi wannan dabara sanyi, ita dai ta fi saurin ginuwa, kuma ba ta neman yaɓe duk shekara.

Tsarin ofishin ma aiki ne ya tsara shi. Layin guda ɗaya ne, jirgi ba ya tashi sai tasha ta gaba ta bugo waya cewa hanya a buɗe take, saboda haka ɗakin shugaban tasha ke fuskantar dogo. Tagar tikiti tana wajen shigowa, sikeli kuma yana rumfar kaya.

Auduga Turawan suka sa rai za a riƙa aunawa a kan sikelin nan. Manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata suka tara ta har buhuna suka zama dala. A 1930 aka ƙara layin daga Kano zuwa Nguru.